Mutumin da Ba Ya Shan Ruwan Gidanmu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Baffana ya riga mu komawa. Ya rasu da hantsi a gidansa na Birnin Kudu, a ƙarshen bazara, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun kaka. Kafin azahar an sa gawarsa a mota mun nufi garinmu a ƙasar Gwaram, domin Babana, wanda shi ne wansa kuma limamin unguwarmu, ya aiko cewa a kawo masa ƙanensa gida.

Mun tarar gida ya cika. Wasu sun biyo mu tun daga Birnin Kudu, wasu sun ji a waya sun taso daga Surko da Kangire, yawancinsu mutanen da ya koyar ne a sakandare, yanzu su ma da furfurarsu. Wata mai sayar da fura ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa shi ya raba ta da dama fura da ruwan kogi. Wani tsohon ɗalibinsa ya aiko a gaya wa matan gida cewa har gobe idan ya ga tukunya tana tafasa, muryar Malam yake ji. Ta bayan katanga kuma ina jiyo dattawan unguwa, ɗaya yana cewa, "Allah Ya jiƙan Malam A-tafasa. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Sauran suka amsa da amin, ban san ko har da taurin kan suka amsa wa ba.

Gwaggo, ƙanwarsu, ita ta faɗi abin da kowa yake kewayewa. Tana zaune a bakin ɗakinta ta ce, "Ya tafi bai sha ruwan gidan ubansa ba." Tana faɗa tana miƙa wa yaran gidan moɗa, wannan ya sha ya ba wancan, ruwan kuwa daga randar da aka cika da safe ne daga rijiyar tsakar gida. Na dubi rijiyar, na dubi marfin simintin da ke jingine da katanga kusa da ita, na ɗaga kai na ga gabas ta fara tara gajimare. A nan tsoro ya shiga cikin kukana. Baffa ya ƙare rabin rayuwarsa yana roƙon a rufe rijiyar nan, Baba ya ƙi. Ga damina ta ƙarato, ga 'ya'yan yayyena suna sha daga cikinta, ga mutum ɗaya tal da yake cewa a'a an shimfiɗe shi a soro an lulluɓe. Ina rubuta wannan ne don kada a riƙa tuna shi da taurin kai kawai.

Malamin kimiyya ne, ɓangaren sinadarai, kuma a hannunsa na girma, a gidansa na Birnin Kudu, tare da matarsa da nake kira Umma. A gidan nan ba a gama girki ba tare da darasi ba. Umma za ta ɗaga marfin tukunya, sai ya ce ta dakata, ya kira ni in zo in ga ɗigon ruwan da ya taru a cikin marfin. "Kin ga damina," in ji shi. "Rana ta ɗauki ruwa daga kogi da teku ya zama tururi, ya hau sama ya tarar da sanyi, ya dawo. Ruwan da kike sha yau tsoho ne, ya girmi kakan kakanki." Umma ta ce idan ya gama da daminar ya ba ta marfinta, miya tana ƙonewa.

Shi ya fara gaya mini cewa ruwa haɗin iska biyu ne, haidirojin kashi biyu da oksijin kashi ɗaya, kuma ɗayar tana kama wuta, ɗayar tana rura wuta, amma da suka haɗu sai suka zama abin kashe wuta. Wannan abu yana ba shi mamaki kullum kamar ranar ya fara ji, har yakan ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya haɗa. Da na kai wa Gwaggo labarin a hutu, ta ce, "Wato duk shekarun nan iska muke sha? To ki ce da shi ya daina wahalar da mu da tafasa iska." Na mayar masa da saƙon, ya yi dariya har da hawaye.

Ya nuna mini abin da ya sa ƙanƙara take tasowa a saman zoɓo maimakon ta nutse, ya ce ruwa idan ya daskare buɗewa yake yi, ba kamar sauran abubuwa ba. Ya zuba ruwan sama a kwalba ɗaya, ruwan famfon tuƙa-tuƙa a ɗaya, ya jefa gutsuren sabulu a kowacce ya ce in girgiza. Ta ruwan sama ta cika da kumfa, ɗayar kuwa sai wani farin datti a gefe. Ya ce wannan shi ne zartsin da mata suke tsana: dutsen ƙarƙashin ƙasa ne ya narke a ciki, shi ke cin sabulu, shi ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi. "Yana ɓata wanki, yana ɓata shayi, amma ba ya kisa," in ji shi. Sannan ya ɗebo ruwan kogi jajur, ya jefa alif, muka zauna muna kallo har laka ta kwanta, sama ya yi garau. Na ce ya yi kyau. Ya ce, "Ya yi kyau a ido. Alif laka yake kwantarwa, ba ruwansa da abin da ke kashe mutum. Wannan sai wuta." Daga irin wannan magana ɗalibai suka sa masa A-tafasa, kuma ya sani, bai damu ba.

Maganar da ya fi maimaitawa ita ce ruwa ba ya iya ƙin abu. Duk abin da ya tarar a hanyarsa, gishiri ne, taki ne, ƙazanta ce, sai ya narkar ya tafi da shi. Don haka idan kana son sanin ruwa, kada ka tsaya a kallonsa, ka tambayi inda ya biyo. Ina yarinya na ɗauka maganar aji ce kawai. Sai da na girma na gane cewa duk lokacin da ya faɗe ta, rijiyar gidanmu yake gani.

Kakanmu ne ya haƙa rijiyar, tun unguwar tana gidaje kaɗan. Ruwanta sanyi ne da garɗi, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara, kuma ƙofarmu ba a rufe ta ga mai ɗiba. Mata sukan wuce famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin kasuwa su zo gidanmu, don sun ce nasa zartsi ne, namu kuwa shi ne ruwa. Da ita ake alwala a masallacin Baba. A wurin Baba rijiyar nan sadakar mahaifinsa ce mai gudana, kowane guga da aka ja lada ne yake isa kabarin tsoho. Wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ya sa ya riƙe ta haka ba.

Baba yana karantar da manyan ɗalibai a soro, magidanta ne da manoma, kuma babin tsarki shi ne farkon abin da yake biya musu. Ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Abin mamaki, littafin Baffa ma da waɗannan ukun yake farawa: tsantsar ruwa ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Gwaggo ta ce suna samari har dariyar wannan sukan yi tare, Baba yana cewa ashe bokon naku a wurinmu ya kwafa. A kan abin da suka yarda da shi su biyun ne suka rabu. Mutanen unguwarmu sun ɗauki hukuncin alwala sun mayar da shi hukuncin sha. Idan ruwa ya yi fari, ba wari, ba bauri, to shi ke nan, Liman ya ce mai tsarki ne, a ba jariri ma. Baffa bai taɓa cewa alwala da ruwan rijiyar ba ta yi ba, ko sau ɗaya. Abin da yake cewa shi ne akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana, kuma ruwa yana ɗaukarsu kamar yadda yake ɗaukar komai.

Da masallata suka yi yawa, aka haƙa masai a bayan masallaci, katanga ɗaya ce tsakaninsa da rijiyar. Baffa ya yi magana, aka ce da shi ai akwai katanga. Ya ce katanga a sama take, ƙarƙashin ƙasa ba katanga. Aka yi dariya aka wuce.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. An yi ta marka ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya shiga gonaki, rijiyar ta taso har mace tana iya ɗiba da hannu ba igiya. Mata suna murna. A lokacin Baffa da iyalinsa suna zaune a gidan, a sashen yamma, kuma yana da 'ya mace sa'ata, ita kaɗai Allah Ya ba su. Tare muke kwana, tare aka yi mana kitso na ƙarshe. Amai da gudawa ya shigo unguwar, Baffa kuwa yana can wani gari wurin duba jarrabawa, hanya kuma ruwa ya yanke ta. Mu biyu ya kama rana ɗaya.

Ba na tuna nawa ciwon sosai, nata nake tunawa, don tabarmarmu ɗaya. Idanunta suka faɗa ciki. Idan Umma ta kama fatar hannunta ta saki, sai fatar ta tsaya a tsaye. Ba ta kuka, ba ta da ruwan yin kuka, abu ɗaya take ta faɗa da ƙaramar murya, a ba ta ruwa. Kuma ana ba ta. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ɗebo daga randa ta ɗaga kanta ta ba ta, da tausayi da addu'a, ruwa fari tas mai sanyi daga rijiyar kakanmu. Baffa ya iso da la'asar, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa, ya tarar ana naɗe ta. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba, kuma ba ita kaɗai aka fitar daga unguwarmu a daminar nan ba. Har yau idan na ji yaro yana neman ruwa da irin wannan muryar, gabana faɗuwa yake.

Baffa bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya zauna makoki ya karɓi gaisuwa, ana ce masa haƙuri, kwananta ne ya ƙare, yana cewa haka ne. Bayan an watse, wata rana da hantsi ya ɗauki galan na kananzir ya shiga masan bayan masallaci ya tuttule shi duka, bai gaya wa kowa ba. Ba a daɗe ba mata suka ja guga suka ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan, wari kuma ba a magana. Gida ya rikice, ana cewa maƙiya ne, ana cewa sammu ne.

Baffa ya ɗebi ruwan a kwano ya shiga soro, Baba yana tsakiyar karatu, ɗalibai sun kewaye shi. Ina laɓe a ƙofar ciki, ban gama warwarewa ba. Ya durƙusa ya ajiye kwanon a kan buzun Baba.

"Yaya, a shinshina."

Baba ya shinshina ya ɗago. "Kai ka yi wannan?"

"Ni na zuba, amma a masai na zuba. Ban taɓa rijiya ba, Allah ne shaidata. Hanyar da kananzir ya bi ya zo nan, ita abin da ya kashe mini 'ya ya bi. Shi dai ba shi da wari ne."

Baffa yana nufin ga hujja, amma abin da Baba ya ji shi ne ƙanensa ya tsaya a gaban ɗalibansa ya ce kai da karatunka da rijiyar ubanmu kuka kashe ta. Baba ya rufe littafi. Ya ce, "Ka gama?" Baffa ya ce a rufe ta, a koma famfo, a riƙa tafasawa. Baba ya ce, "Ba a rufe sadakar mahaifina ina raye. Ɗauki kwanonka."

Washegari Baba ya sa aka yashe rijiyar. Aka yi ta kwashe ruwa ana zubarwa har maiƙon ya ƙare, warin ya tafi. Ya ɗeba ya duba, ya shinshina, ya kurɓa a gaban jama'a, ya ce launi da ɗanɗano da wari sun dawo yadda suke, ruwa ya koma tsarkinsa. Kuma a kan ƙa'idarsa bai yi ƙarya ba. Daga baya, ba tare da ya ce wa kowa komai ba, ya sa aka cike masan nan aka haƙa wani nesa. Amma unguwa ta riga ta cushe, kowane maƙwabci ya jingina masansa da katangarmu, rijiyar tana tsakiya. Baffa ya ce an toshe ƙofa ɗaya ne an bar sauran.

Shi ne ya auna bakin rijiyar, ya kira magini suka zuba marfin siminti mai kauri. Ranar da ya bushe ya nemi samari su ɗora, Baba ya fito ya tsaya a bakin rijiyar, samarin suka jingina shi da katanga suka sulale. Kafin kaka Baffa ya nemi canjin wurin aiki ya kwashe Umma suka koma Birnin Kudu. Shekara na zagayowa Baba ya sa aka haɗa mini kayana a akwati, ya ce da Inna, mahaifiyata, a kai ni wurin ƙanensa, ɗakinsu ya yi shiru da yawa. Ba wanda ya roƙe shi. Iyakar abin da bakinsa ya iya faɗa ke nan, kuma Baffa ya gane.

Zumunci bai yanke ba. Sallah, suna, biki, rasuwa, Baffa yana zuwa, ya durƙusa ya gaida wansa, ya bi shi salla. Amma da jarkarsa yake zuwa, ɗaure a bayan babur. Inna za ta kawo masa ruwan baƙo a kwanon sha mai marfi, ta durƙusa ta ajiye, shi kuma ya taɓa kwanon da hannu biyu ya ce, "Na gode, Allah Ya yi albarka," ya tura shi gefe a hankali. Tuwo yana ci, koko yana sha, tunda sun ga wuta. Ruwa ne dai a'a. A ƙasarmu a kawo maka ruwa a gidan ubanka ka ƙi sha ba ƙaramin abu ba ne, kuma kowane zuwa sai an kawo, kowane zuwa sai ya ƙi, Baba yana zaune yana jan carbi yana kallon wani wuri. Gwaggo takan ce, "Sannu Bature, an iso da tekun?" Ya ce an iso, ko za ta ɗanɗana. Ana dariya, amma ni da na san su biyun ina ganin yadda abin yake cin kowannensu.

Na taɓa tambayarsa ko ba zai kurɓa ko sau ɗaya ba, don zuciyar Baba. Ya ce, "Idan na sha, matan gidan za su ce ai Malam ma ya sha. Ƙin shan nan shi kaɗai ya rage mini na magana." Ya ƙara da cewa, "Kuskurena ɗaya, da na same shi shi kaɗai. Na iya ruwa, ban iya mutane ba."

Ban yarda bai iya mutane ba. Duk damina yakan zagaya unguwarsu a Birnin Kudu har ƙauyukan Unguwar Ya, yana nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaron da gudawa ta kama, yana cewa a fara ba shi tun a gida, a kuma kama hanyar asibiti. Da mata suka ce tafasa ruwa cin itace ne, bai yi musu wa'azi ba. Ya shiga madafin Umma ya zauna ya lura, ya fito ya ce a riƙa ɗora tukunyar ruwa da zarar an sauke tuwo, a tura sauran itacen da ke ci, kafin a gama kwasa ta tafasa. Mata da yawa sun ɗauka. A gidanmu ma Inna ta ɗauka, tana yi a ɓoye kamar mai laifi, amma gida ne mai yara da yawa da ƙofa a buɗe, wa zai tsare yaro da moɗa? Kusan kowace damina sai an kwantar da wani. A bara ɗan yayana ne, sai da aka yi ta ƙara masa ruwa a asibiti kafin ya buɗe ido.

Ganina da Baffa na ƙarshe yana cikin hayyacinsa, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa. Ya tambaye ni ko na je gida kwanan nan, na ce na je. Ya ce, "Marfin yana nan?" Na ce yana nan, Gwaggo tana shanya kuɓewa a gindinsa, yara suna hawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce to ai bai tashi a banza ba. Da tarin ya lafa ya juya fuska wajen taga ya ce, "Zafin nan na ruwa ne. Damina ta kusa."

Shi ya sa abin da ya faru ranar jana'izarsa ya ƙona mini rai. Da za a yi masa wanka, yayana ya tura aka ɗebo jarkoki daga famfon bakin kasuwa, don kowa ya san abin da mamacin zai so. Sai ga Baba ya shigo tsakar gida, yana dogara sanda, ya dubi jarkokin ya ce a ajiye su gefe. Ya je bakin rijiyar ya jingina sandarsa, ya ɗauki guga. Yayana ya matso zai karɓa, ya ce a bar shi. Tsoho da kansa ya zura igiya ya jawo, ya juye a bokiti, ya sake zurawa, numfashinsa yana fita da ƙyar, mata sun yi cirko-cirko. Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Na ce a raina, ashe ko a kan gawa sai ya nuna shi ya yi nasara. Ubana ne, amma a wannan lokacin na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba.

Shi ya wanke shi da hannunsa, shi ya yi masa salla. Aka ɗauki makara aka tafi, muka rage mu mata da yara. Iska ta fara kaɗawa tana ɗauke da ƙanshin ƙasa, alamar an yi ruwa a wani wuri ba nesa ba. Wata ƙaramar jikar Gwaggo ta nufi randa, na fizge moɗar daga hannunta da ƙarfin da bai kamata ba, ta fashe da kuka, ni ma na zauna a ƙasa na taya ta.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, maimakon su zauna a ƙofar gida karɓar gaisuwa, sai muka ji sallama, a gyara za a shigo. Baba ne a gaba, bayansa 'ya'yansa da ɗalibansa da dattawan unguwa, ƙafafunsu duk jar ƙasar kabari. Cikinsu akwai waɗanda suke soro ranar kwanon kananzir. Ya tsaya a inda ya taɓa tsayawa ya hana samari, ya yi magana a hankali, sai da kowa ya yi shiru kafin a ji.

"Ruwan rijiyar nan mai tsarki ne. Haka na karantar, ban janye ba, kuma da shi na wanke ɗan'uwana, in sha Allahu wankansa ya yi." Ya dubi ɗalibansa. "Amma shi ba maganar tsarki yake yi ba. Na gane haka tun ranar. A gaban mutane ya faɗa mini, shi ya sa na tara ku, don ku ji a gaban mutane. Mahaifinmu ya haƙa ta don a rayu ne. Ta yi aikinta na ƙarshe yau. Ku ɗauko marfin."

Gwaggo ta tashi da kanta ta kwashe kuɓewarta. Maza suka kama marfin, ya yi nauyi, gindinsa ya nutse a ƙasa saboda daɗewa, sai da aka sa diga aka tone. Suka mirgino shi da nishi suka kwantar a bakin rijiyar, ya zauna daram, ko yatsa ba zai shiga ba. Baba ya sa aka kwance igiyar guga aka ba shi, ya naɗe ta a hannu. Ya ce a zubar da abin da ke cikin randuna, a wanke su, daga yau ruwan famfo za a riƙa ɗebowa, na sha kuma a ɗora shi a wuta.

Bayan la'asar, da mutane suka ɗan ragu, ya dawo cikin gida ya zauna a kan marfin, igiyar tana kan cinyarsa. Ya ce ƙishirwa yake ji. Na ɗebo daga jarkokin da ya sa aka ajiye gefe, wanda Inna ta riga ta tafasa ya huce, na zuba a kwanon sha mai marfi, wanda ake kai wa Baffa, na durƙusa na miƙa masa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, don zartsi ne, kuma da ɗan ƙaurin hayaƙi. Ya sake kafa kai ya shanye. Ɗigon farko na damina ya fara sauka a kan simintin, ɗaya nan ɗaya can.

Ya daɗe yana kallon cikin kwanon. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, ba da kowa ba, "Yau da zai shigo, da ya sha."

Umma tana zaune a bakin ƙofar sashen yamma, ɗakin da ta bari tun shekarar nan. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Allah Ya shayar da shi wanda ya fi wannan, Malam, shi da 'yarsa."

Baba ya buɗe baki zai ce amin, muryar ba ta fito ba, sai mu muka faɗa masa.